Tarihin 'Yan Ɗauki da Na Karanta a Kebbe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka miƙa mini makirufo a Kebbe ba. Ko ni na so in manta, mutanen garin ba za su bari ba, don har yau in na sauka daga babur a bakin kasuwa sai na ga wani ya taɓa na kusa da shi yana nuna ni da haɓa.

Ni malamin makaranta ne a Tambuwal, kuma (ka riƙe wannan da kyau, don shi ya ƙara wa abin nauyi) tarihi nake koyarwa. Akwai wata ƙungiyar agaji a yankinmu da ba sai na faɗi sunanta na takarda ba, kowa 'yan ɗauki yake ce mana. Aikinmu ba mai ƙyalli ba ne. In mota ta faɗi a hanyar Sakkwato, mu ake kira. In haihuwa ta zo wa mace da gardama a ƙauye, mu ne masu nemo abin hawa. Muna da sunayen masu ba da jini, muna wanke gawar da ba a san danginta ba mu kai ta makwanci. Ba a biyan kowa. A cikinmu akwai direbobi da teloli da manoma, da matan aure da ke dama kunu su kai wa masu jinya a asibiti.

Ni ma ta asibitin na san su. Lokacin haihuwar ɗiyarmu ta fari matata ta zubar da jini sosai, ina tsaye a baranda na rasa inda zan sa kaina, sai ga wasu mutum uku sun shigo, ɗaya ma da almakashin ɗinki a aljihu. Ban san ko ɗayansu ba. Suka ba da jini, suka yi mini sannu, suka tafi. Bayan suna na je na ce a rubuta ni. Da yake ina da rubutu mai kyau, kuma ina da son a ce na iya, ba a daɗe ba aka ba ni sakatare.

To, a shekarar da nake ba ka labari, an fara samun tsami tsakanin 'yan'uwanmu na Kebbe da mu na Tambuwal. Su suna cewa a ƙasarsu aka haifi ƙungiya, amma mun kwashe ta mun kai bakin kwalta, mun bar su da laka. Wasunsu har sun daina zuwa taro. Dattawa suka ga in aka yi sake abin zai rabe gida biyu, sai suka yanke shawarar a yi babban taro a Kebbe, a tuna yadda aka fara, a karrama waɗanda suka kafa ta. Aka ce ana buƙatar wanda zai rubuta tarihin ƙungiya ya karanta. Ban ma bari an gama tambaya ba na ɗaga hannu.

Bincikena gaba ɗaya bai wuce yini ɗaya ba. Na buɗe tsohon littafin ƙungiya, wanda gara ta ci gefensa, na ga sunaye uku a shafin farko. Na farko Jaɓɓi na Fakku. Na biyu Arzika direba, wanda yanzu shi ne shugabanmu, Alhaji Arzika. Na uku Kulu. A gaban sunan Jaɓɓi wani sakatare na da ya rubuta da jan biro, "ya ƙaura."

Na tafi wurin Alhaji Arzika. Dattijo ne mai kirki, sai dai shekarun da ya yi yana jan bas tsakanin Tambuwal da Sakkwato sun cinye masa kunne. Duk abin da ka faɗa masa in bai ji ba, ba zai ce ka maimaita ba, sai ya gyaɗa kai ya ce madalla. Na san da wannan sarai. Na matsa kusa da kunnensa na ɗaga murya.

"Alhaji, wane ne wanga Jaɓɓi da sunanshi ke sama ga naka?"

Wannan ya ji. Ya dubi ƙasa. "Jaɓɓi. Bafillacen kirki. Da takarkarinshi munka fara aikin ga, shi ad da san da ka ɗaukar marasa lafiya. Allah sarki. Ai ya daɗe da barinmu."

Na sassauta murya kamar yadda ya dace, na ce, "Allah shi jiƙan shi."

Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla."

Shi ke nan, a wurina magana ta tabbata. Littafi ya ce ya ƙaura, shugaba ya ce ya bar mu, na yi masa addu'a shugaba ya amsa. Ko a ajina haka nake koya wa ɗalibai, in majiya biyu suka haɗu an sami hujja. Bai taɓa zo mini a rai ba cewa makiyayi yakan ƙaura da ƙafarsa, da shanunsa.

Saura Kulu. Inna Kulu na san ta, tsohuwa ce mai faɗa da ke zaune a Kebbe, ita ke shugabantar matan da ke dama kunu. Na ɗauka an sa sunanta a littafin ne don ladabi kawai. Har saƙo ta aiko mini ta bakin wani ɗan acaɓa, "An ce kana rubutun tarihi, ka zo in ba ka." Na ce a gaya mata ina nan tafe. Ban je ba. (Hanyar Kebbe da damina ba ta da daɗi, wannan ce hujjar da na ba kaina. Gaskiyar ita ce ban ga abin da mai kunu za ta ƙara wa malamin tarihi ba.)

Da na zauna rubutu sai na ga duk abin da na tara bai cika shafi ɗaya ba. Taro kuwa babba ne, har da hakimai. Sai na fara ƙari. Na ba Jaɓɓi tsawo da kwarjini. Na sa shi ya ratsa ruwa har wuya da mara lafiya a kafaɗa. Da na ga alƙalami yana tafiya, sai na kwantar da shi ciwon ajali, na tara masa jama'a a kansa, na sa masa wasiyya a baki: "Ku riƙe aikin nan. In babu mota ku ɗauka da sa, in babu sa ku ɗauka da kafaɗa." Na karanta wa matata don gwaji, sai da ta share hawaye da bakin zane. Ta ce, "Wa ya ba ka wannan?" Na ce, "Bincike."

Ranar taro ta faɗo ranar kasuwar Kebbe. Na isa da wuri a bayan babur, na naɗe farar shaddata har gwiwa saboda taɓo. A filin wata makarantar firamare da ke bayan kasuwa aka kafa rumfa. Na karɓi ragamar komai ba tare da kowa ya ba ni ba. Na jera kujeru, na liƙa wa na gaba takardu: shugaba, babban baƙo, uban taro. An ɗaura lasifika a kan wata doguwar gora, tana fuskantar rumfa. Na ce a juya ta ta dubi kasuwa, don duk wanda ya shigo Kebbe ranar ya ji tarihin da na rubuta.

Ina cikin wannan kai-komo sai na ga wani tsoho ya zauna a kujerar gaba. Siriri ne, da malafa da sanda, da shuɗiyar riga da ta koɗe, takalmin robarsa duk laka. Ya jingine sandarsa a kujerar babban baƙo yana kallon mutane da murmushi. Na ƙarasa da sauri.

"Baba, sannu da zuwa. Wanga wuri na manyan baƙi ne. Masu karɓar gidan sauron da za a raba bayan taro can za su zauna, ƙarƙashin icce."

Ya dube ni, ya dubi takardar da na liƙa, ya ce, "To, Malam." Ya ɗauki sandarsa ya koma kan tabarma. Ko gardama bai yi ba, har na ji a raina cewa na iya hulɗa da mutanen karkara.

Jama'a suka cika. Alhaji Arzika ya iso a makare, aka wuce da shi kai tsaye kujerarsa. Mata suna can gefe guda, Inna Kulu a gabansu. Aka buɗe da addu'a, aka yi jawabai. Ana gab da kirana sai iskar hadari ta taso, gorar lasifika ta fara rangaji, murya tana zuwa tana ɗaukewa. Na ga aikina zai lalace. Na waiga, wanda ya fi kusa da gorar shi ne tsohon nan mai malafa.

"Baba, don Allah taimaka ka riƙe muna gorar ga har in ƙare."

"To, Malam," ya sake cewa. Ya tashi ya rungume ta da hannu biyu.

Na hau kan benci, na gyara hula, na fara. Ba yabon kai ba, na karanta da kyau. Ban faɗi suna da farko ba, na bar shi sai ƙarshe don ya fi ratsa zuciya. Na ce akwai wani bawan Allah, makiyayi, wanda ba don shi ba da babu wannan ƙungiya. Na ratsa da shi ruwa, na ɗora masa mara lafiya. Da na zo kan ciwon ajali na sauke murya, na karanta wasiyya a hankali, na ji wata mata ta ce Allahu akbar. Na ce jama'a su ɗaga hannu mu yi wa wannan gwarzo addu'a. Kowa ya ɗaga. Na hango tsohon nan ma ya jingina gorar a kafaɗarsa ya ɗaga nasa hannuwan, yana amin da gaskiyarsa.

Sai na cika da ƙarfi, yadda kasuwa za ta ji: "Wannan bawan Allah shi ne marigayi Jaɓɓi na Fakku. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Amin ɗin da aka amsa bai cika ba. Matasa sun amsa, amma wasu dattawan Kebbe sai suka sauke hannu suna duban juna. Daga ɓangaren mata na ji muryar Inna Kulu, ba ta ko buƙaci makirufo ba.

"Wane Jaɓɓi?"

Na duba takardata kamar amsar tana ciki. "Na Fakku, Inna."

"Wa yac ce maka ya mutu?"

"Bincike ya nuna..."

"Ga shi can shina riƙe maka gora."

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da na ji ba. Kai dai ka ɗauka kana tsaye a kan benci, da farar shadda, gaban hakimai, mutum ɗari da wani abu sun juya gaba ɗaya sun dubi tsohon da ka kora daga kujera, sannan sun juyo sun dube ka. Shi kuwa hannuwansa na sama har lokacin, bai gama shafa addu'ar ba. Ya shafa a hankali, ya gyara malafa, ya ce,

"Malam, in saki gorar ga, ko mamaci na iya ci gaba da riƙo?"

Wurin ya fashe da dariya. Wani hakimi har da cire tabarau yana share ido. Alhaji Arzika, wanda bai ji komai ba tun farkon jawabin, ya bi inda mutane ke kallo, ya ƙura ido, sai ya miƙe tsaye yana kiran sunan Jaɓɓi. Suka rungume juna, gora ta tafi za ta faɗi, wani ya tare. Ashe Jaɓɓi shekaru da yawa da suka wuce ya yi kudu da shanunsa neman kiwo, daminar nan ce ya dawo kusa da Fakku. Inna Kulu ce ta ji labari ta aika masa ya zo, ta ɓoye wa kowa don ta ba Alhaji mamaki. Da na amsa kiranta, da ni ne farkon wanda zai sani.

Da suka saki juna, Jaɓɓi ya dube ni, har yanzu ina kan benci. Ya ce, "Maganag ga da kac ce na faɗi, ta sa da kafaɗa, ta yi daɗi ƙwarai. Sai dai ban kai ga faɗinta ba tukuna."

Aka sake kwashewa. Da a nan abin ya tsaya, da na ce na sha da sauƙi.

Ana cikin dariyar sai muka ji kuka daga wajen kasuwa. Wata mata ce ta shigo filin a guje, ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya, nono ya jiƙa mata zane tun daga ƙirji. Hajo ce, ɗiyar Jaɓɓi. Tare suka zo da safe, ita ta zauna sayar da nono, shi ya wuce taro. Ba ta ji ratsa ruwa ba, ba ta ji wasiyya ba. Abin da lasifikar da na juya ta kai mata kawai shi ne sunan ubanta da Allah ya jiƙansa. Ta san kwanan nan yana fama da jiri, sai ta ɗauka faɗuwa ya yi a wurin taro. Ta saki ƙwarya ta taho.

Dariya ta ɗauke. Ta tsaya tana haki, ta gan shi tsaye, ta kama hannunsa ta riƙe da hannu biyu tana magana da Fillanci, shi kuma yana lallashinta. Da ta natsu ta tambayi wanda ya yi sanarwar. Babu wanda ya nuna ni, amma ni kaɗai ne a kan benci da makirufo. Ta dube ni. Na gwammace dariyar sau goma.

Kuma ba a nan ta tsaya ba. Kafin Hajo ta iso filin, wani danginsu a kasuwa ya riga ya buga waya ruga. Ka san sabis ɗin wajen, yana zuwa yana tafiya. Labarin mutuwa ya samu ya shiga, na gyara ya ƙi shiga. Matar Jaɓɓi ta yini tana kukan miji har sai da ya koma gida da la'asar ta gan shi da idonta.

Inna Kulu ce ta ceci taron. Ta taso ta miƙo hannu, na ba ta makirufo ba musu, na sauka na nemi gefen tabarma na zauna, daidai inda na tura Jaɓɓi da safe. Ta sa aka kawo shi kujerar babban baƙo. Sannan ta ce tunda malamin tarihi ya gama nasa, bari mai kunu ta faɗi abin da ta gani.

Ta ce wata damina ce amai da gudawa ya shiga ƙauyukan wajen Fakku, ruwa ya yanke hanya. A lokacin tana aure a can. Maƙwabcinta manomi ya kwanta, shi da matarsa da 'ya'yansa biyu, ita kaɗai ke kansu tana ba su ruwan gishiri da sukari. Sai ga Jaɓɓi ya yi sallama.

"Kada ku ce taimako ya kawo shi," in ji ta. "Shanunshi sunka shiga dawar mutumen, ya zo rigima. Sanda na hannunshi, baki cike da magana. Ban bari ya buɗe ba. Nac ce, kana da takarkari? Yac ce awo. Nac ce, tafi ka zo da shi, in sun rayu ku yi faɗanku."

Jaɓɓi na kan kujera yana gyaɗa kai. Ta ce a kan san nan aka ɗora su ɗaya bayan ɗaya aka ratsa fadama (ruwan iya gwiwa ne, ba wuya ba, ta dube ni da ta faɗi haka) har inda hanya ta fara kyau. A can suka iske Arzika da bas ɗinsa yana jiran fasinja.

"Shi kau Arzika cewa yay yi ba ya ɗauka, za a ɓata mai mota. Sai na buɗe gaba na zauna, nac ce ko ka kai mu asibiti ko ka kwan da ni cikin motag ga, ka san abin da za ka gaya ma matarka."

Wani ya sunkuya ya faɗa wa Alhaji a kunne abin da ta ce. Muka zuba ido. Alhaji ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ba ta yi ƙarya ba. Tsoron ta niy ji, ba tausai ba."

Ta ce kwana fuɗu suka yi suna wannan jigila, ita da sa da bas, har ma'aikatan lafiya suka samu shigowa. Ba duka suka rayu ba. Ƙaramar ɗiyar manomin a bayan san ta cika, kafin a kai ga mota, kuma Jaɓɓi ne ya juyo da ita ya kai ta gida. Inna ta ci gaba. Ta ce bayan ciwon ya wuce ba su yi taro ba, ba su zaɓi kowa ba. Kawai dai duk wanda nasa ya kwanta sai ya aika a kira Kulu, Kulu ta aika a kira Jaɓɓi, Jaɓɓi ya kai wa Arzika. Mutanen da aka taimaka suka riƙa zuwa suna cewa in an tashi a kira su. Littafi da suna da riguna duk daga baya suka zo.

Ban taɓa ganin mutanen Kebbe sun ji daɗi irin na ranar ba. Tarihin ya dawo gidansu, daga bakin tasu, kuma ɗan Tambuwal mai farar shadda yana zaune a tabarma yana saurare. Wani dattijonsu da ya yi wata shida bai zo taro ba ya dafa kafaɗata da za a tashi, ya ce, "Malam, ka gyara muna zumunci." Har yau ban tabbatar ko yabo ne ba.

Da aka watse Inna Kulu ta kira ni gefe. Na zaci faɗa za ta yi, na ma shirya. Sai ta zuba mini kunu a kofi, ta jira na sha, sannan ta ce, "Ɗana, Jaɓɓi ba ya riƙo. Amma akwai mata biyu da ka sa kuka. Ka tafi har gida."

Bayan kwana uku na sayi goro da sukari na hau babur zuwa rugar. Tun daga nesa na ga babura a jere da mutane a kan tabarmi. Gabana ya faɗi, na ce ko dai bakina ya kama shi. Ashe masu ta'aziyya ne. Labarin farko ya yi nisa, ya isa wuraren da na biyun bai kai ba, mutane suna ta isowa daga nesa da jajayen idanu, sai su iske mamacin a zaune yana musu maraba.

Na durƙusa na gaishe shi. "Baffa, na zo neman gafara."

"Zauna, Malam. Kai ka tara muna jama'a, ai kai ad da wuri."

Na nemi a kai ni wurin matarsa. Ta saurare ni daga ƙofar bukka, ta ce ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri, amma in ƙara kula da bakina. Hajo ce ta kawo mini fura. Ta ajiye, ta juya za ta tafi, na ce, "Hajo, ki yafe mini."

Ta tsaya. "Nonon da yaz zube na yafe. Gudun da niy yi ne ban yafe ba tukuna." Amma na ga gefen bakinta ya motsa, kuma furar ta sha nono fiye da ta kowa.

Kusa da Jaɓɓi akwai wani dattijo zaune da buhun dawa a gefensa. Jaɓɓi ya nuna shi ya ce, "Ka san wanga? Shi ne mai gonar." Manomin nan ne da aka ɗauka a kan sa. Tun bayan ciwon ba su taɓa tayar da maganar dawar ba, har Jaɓɓi ya yi kudu. Da dattijon ya ji rasuwa sai ya ɗauko buhun don gudummawar makoki ya taho, yana kuka a hanya.

"Na zo in shaida ma iyalinshi na yafe mai dawata," in ji dattijon, "sai na iske shi shina shan fura. Yanzu sai na sake tunani."

"Ka riga ka faɗi gaban shaidu," in ji Jaɓɓi.

Na yini a wurin. Na fito da littafi da biro, wannan karon na yi tambaya na yi shiru. Su biyun suka riƙa ba ni labari suna gyara wa juna, suna musu a kan launin san da ya mutu tun tuni. Da zan tafi Jaɓɓi ya rako ni har wurin babur. Ya ce in daina sunkuyar da kai, na yi masa abin da ba a yi wa kowa ba, ya ga masu zuwa ta'aziyyarsa da idonsa. "Na ga waɗanda sunka zo, na kau lura da waɗanda ba su zo ba. Akwai wani ƙanena, har yanzu ina jiran shi."

Na sake rubuta tarihin daga farko. Ya fi na da gajarta, babu wanda ya ratsa ruwa har wuya, kuma sai da na karanta wa Jaɓɓi da Alhaji da Inna Kulu suka amince kafin na sa a littafi (Alhaji ya ce madalla, amma wannan karon na sa an maimaita masa sau biyu). Har yanzu ni ne sakatare, don babu wanda ya yarda ya karɓa. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa, amma na riƙe shi da kyau: ba na ƙara rubuta marigayi a gaban sunan kowa sai na sami mutum biyu da suka tsaya a jana'izarsa, kuma a cikin biyun, ɗaya ya kasance yana ji da kunnensa.